Bayan An Rufe Rumbu: Tarihin Watan Shagulgula a Ƙasar Tasawa da Mayahi

Duk wanda ya tashi a ƙasar Tasawa ko ta Mayahi ya san akwai wani lokaci a cikin shekara da gari ke sauya murya. Hatsi ya shiga rumbu, an cire gyaɗa, an rore wake, hunturu ya fara busowa daga gabas yana dishe rana. Da an idar da sallar lisha sai a jiyo kalangu daga wannan ƙauye, ganga daga wancan, guɗa kuma daga bayan katangar maƙwabta. Wannan lokaci, wanda a lissafin yau yake kamawa daga ƙarshen Nuwamba zuwa farkon Janairu, shi ne watan aure da kaciya, watan kokowa da ziyarar dangi. Babu sarkin da ya kafa shi, babu gwamnatin da ta sa hannu a kansa. Rumbu ne ya kafa shi, kuma tarihin ƙasar nan ya nuna cewa rumbu ne kaɗai ke da ikon soke shi.

Manoman wannan yanki, Tazarawa da Katsinawa da Gobirawa da sauran waɗanda suka zauna tare da su, suna da nasu lissafin watanni wanda ya bambanta da na malamai. Har gobe tsofaffi na cewa ruwan shuka a watan bakwai yake sauka, alhali kowa ya san a Mayu ko Yuni ake shuka. Idan aka ƙirga da baya, za a tarar watan ɗaya na manoma yana faɗowa ne bayan girbi. Wato a wurinsu shekara ba ta farawa sai an gama da gona. Abin da ake kira shagali a wannan wata, ashe bikin sabuwar shekara ne na mutanen da suka yi wata biyar a sunkuye.

Kafin a kai ga kiɗa akwai hisabi. Maigida zai ƙirga dammunan da gandu ya ba shi, ya fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, ya ware na iri, ya biya bashin da ya ci da damina. Sa'an nan, bisa tsohuwar al'adar ƙauyukan jihar Maraɗi, sai ya rufe rumbun gandu, ba za a sake buɗe shi ba sai ruwa ya sauka an koma noma, domin a sami abin da za a ci lokacin aikin wahala. Tsakanin rufewar da buɗewar, mata da samari su ci daga abin da suka noma a gamanarsu, ko abin da sana'ar rani ta ba su. Nan ne asalin komi. Budurwa ta sayar da ƴar gyaɗarta ta sayi zane, saurayi ya sayar da nasa wake ya kai kuɗin na-gani-ina-so, uwa ta sayar da akuya ta ƙara tasa a kayan ɗakin ɗiyarta. A duk tsawon shekara wannan ne kawai lokacin da kusan kowa, babba da yaro, mace da namiji, yake da wani abu a hannu wanda nasa ne shi kaɗai.

Abin da baƙo ya gani a 1851

Shaida mafi tsufa da ke rubuce game da Tasawa a irin wannan lokaci ta fito ne daga alƙalamin Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim. Ya sauko daga Abzin tare da ayarin gishiri, ya ratso Damargu, ya iso Tasawa a tsakiyar Janairun 1851, kafin ya wuce Gazawa da Katsina da Kano. Tasawa ce babban garin Hausa na farko da ya shiga, kuma ya rubuta cewa ta faranta masa rai. Ya ga gidaje masu darni da inuwar itatuwa, yara na wasa cikin awaki da kaji da tantabaru, ya ga marina, ya ga kasuwa da ake sayar da soyayyar fara. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne walwalar mutane da sakin jikinsu.

Ya kamata mai karatu ya tuna cewa wannan walwala a cikin zamanin yaƙi aka gan ta. Tun bayan da Birnin Katsina ya faɗa hannun masu jihadi a 1807, sarakunan Haɓe suka yo arewa har suka kafa Maraɗi, Tasawa ta kasance a gefen Maraɗi, tana kallon Katsina ta kudu da Damagaram ta gabas. Rani shi ne lokacin hari, domin doki ba ya yaƙi cikin shuka. Saboda haka watan da ake ɗaura aure shi ne kuma watan da ake gyara ganuwa da ɗaura sirdi. Da Barth ya zo a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kowa yana gona, da wani labarin daban ya kai Turai. Da Tasawa mai cikakken ciki ya yi arba.

A zamanin nan akwai bukukuwan da yau sai dai a ji su a bakin tsofaffi. Anna, wato dangogin da suka riƙe al'adun gargajiya na noma da farauta, suna da buɗin daji, wanda ake yi can cikin rani kafin a ba mafarauta izinin shiga jeji. Ƴan bori suna da shan kabewa a lokacin kaka. Amma wanda ya fi kowanne nuna halin mutanen ƙasar nan shi ne bikin dubu. Manomin da Allah ya ba dami dubu a shekara guda ba ya ɓoyewa. Sai ya tara jama'a, ya kira makaɗa da maroƙa, ya yi ta rabon hatsi da tufafi da dabbobi, daga nan a san shi da sarautar Sarkin Noma. Mata ma suna da nasu, kan ƙwarya, inda mace mai wadata ke baje dukiyarta ta raba, ta fito da sunan Tambara. Bafaranshen nan Guy Nicolas, wanda ya daɗe yana bincike a kwarin Maraɗi, ya yi dogon rubutu a kan waɗannan bukukuwa. Wanda ya duba su da idon ɗan kasuwa zai ce hauka ne, mutum ya tara a wata biyar ya watsar a kwana biyu. Su kuwa masu yi sun san cewa hatsin da ke cikin rumbu gara na iya cinye shi, wanda aka zuba a hannun mutane kuwa yana nan ajiye har ranar da shekara za ta juya baya.

Biki bashi ne

Wannan tunani bai mutu tare da bikin dubu ba. Yana nan a cikin kowane aure da kowane suna. Kalmar biki kanta a bakin mata tana nufin taron, tana kuma nufin abin da ƙawa ke kawo wa ƙawarta ranar taron. Wadda aka kawo wa jika ɗaya ta san cewa ran da bikin mai kawowar ya zo, ba za ta mayar da jika ɗaya ba, sai ta ɗora a kai. A da tsohuwa ce ke zama kusa da uwar biki tana riƙe lissafi a ka, ana shelar kowace gudummawa da sunan mai ita. Da lakwal ta yawaita sai aka sami yarinya mai littafi da biro tana rubutawa. Akwai gidajen da irin wannan littafi ya fi takardar gona muhimmanci, domin shi ne ke nuna wa ke bin wa, kuma wa ya daina zuwa.

Dalilin da ya sa aure ke taruwa a wannan wata a bayyane yake. Akwai hatsin da za a daka a yi fura da tuwon baƙi, akwai kuɗin sadaki, akwai sabon kara da shuci na gyaran ɗakin amarya, hanyoyi sun bushe, dangin da ke Urafan ko Korgom ko Kanambakashe na iya tasowa da amalanke su kwana biyu ba tare da gona ta lalace ba. Daga sa lalle zuwa wankan amarya, daga kai ta ɗaki zuwa buɗar kai da kai gara, mako guda ne cur na shiga da fita. Kayan ɗaki su ne madubin kowane zamani: kakanni sun jera ƙore masu zane da faifai, uwaye sun jera tasoshi da kwanonin fenti har rufin ɗaki, ƴaƴa kuma gado da kabad da katifa. Abin da bai sauya ba shi ne matan unguwa da za su shigo su ƙirga da ido.

Kaciya ma a wannan lokaci ake yin ta, saboda sanyi na taimaka wa miki ya warke. Wanzami ya tara yaran unguwa sa'o'in juna, a kwantar da su wuri ɗaya, a yi ta kawo musu kaji da fura, ran fita a yi musu sababbin riguna. Yaran da suka kwanta tare sukan riƙe wannan zumunci har tsufa.

Sarauta tana tsakiyar duk wannan, ko da ba a ganin ta a kowane taro. Ba a kafa dandalin kokowa a gari sai da sanin mai gari. Makaɗin da ya zo daga wata ƙasa fada yake fara sauka ya yi gaisuwa. Rikicin sadaki da na gara, da na yarinyar da aka yi wa miji biyu, a zauren sarki suke ƙarewa. Sa'an nan akwai babbar magana ta sakin gonaki, wato ranar da za a ba makiyaya izinin shigo da dabbobi cikin kara. In an yi gaggawa a ci wa manomi wake da dawa, in an yi jinkiri dabba ta rame. Shekarar da aka daidaita wannan rana, Bafillace ya kawo nono gidan biki, a kalli sharo a bayan gari. Shekarar da aka kuskure ta, sai watan biki ya koma watan shari'a.

Zamanin Nasara da zamanin gyaɗa

Turawan Faransa sun shigo wannan ƙasa da wuta. A Yulin 1899 rundunar Voulet da Chanoine, wadda ta bar kufai tun daga bakin Kwara har Birnin Ƙonni, ta iso yankin Tasawa. A Ɗankori ne Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb ranar 14 ga Yuli, kwana biyu zuwa uku bayan haka sojojinsu suka juya musu baya suka kashe su a wajen Maijirgi. Abin mamaki, wannan rana ta 14 ga Yuli ita ce daga baya aka ɗora wa jama'a a matsayin babbar sallar Nasara, da sukuwar dawaki da tseren jakuna a gaban kumandan. Sarakuna sun hau domin dole ne, talakawa sun zo domin an kira su. Amma tsakiyar Yuli tsakiyar noman farko ce, ciki babu nauyi, hankali yana gona. Bikin bai taɓa shiga jinin mutane ba.

Tasawa, inda Sarki Mijinyawa ya komo bayan rikicin gidan sarautar Maraɗi a ƙarshen ƙarni na 19, ita ce mazaunin kumandan na wannan yanki har 1927, lokacin da aka mayar da mazaunin Maraɗi. Mulkin Nasara ya gane abin da kowa ya sani, cewa bayan girbi ne talaka ke da abin hannu, don haka a nan ya aje karɓar haraji. A nan kuma ya aje aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Saurayin da ya kamata ya kasance a dandali, sau da yawa yana can yana fasa hanya ko ɗaukar kaya. Tun daga lokacin watan shagali ya zama watan da ake raba kuɗi biyu, rabi na amarya rabi na gwamnati, kuma na gwamnati ake fara cirewa.

Gyaɗa ce ta sauƙaƙa wannan nauyi, ta kuma sauya fuskar bikin. Daga shekarun 1930 zuwa ƙarshen shekarun 1960, buɗe cinikin gyaɗa a ƙarshen shekara ya zama kamar wata salla ta uku. Kamfanonin Turawa da dillalansu, daga 1962 kuma kamfanin gwamnati na SONARA, suka kafa sikeli a kasuwanni, buhuna suka tashi kamar duwatsu. Kuɗi ya shigo ƙauye a dunƙule. A wannan zamani ne keke da fitilar ƙwai da atamfa da akwatin rediyo suka shiga jerin abin da ake nunawa a biki, sadaki kuma ya fara hawan da har yau bai sauko ba. Makaɗa daga Katsina da Daura da Damagaram sun san lokacin da ake auna gyaɗa kamar yadda suka san sunayen ƴaƴansu. Farin farkon shekarun 1970 da cutar da ta kama gyaɗa a 1975 suka kawo ƙarshen wannan daula.

Cikin ranakun hutun da ƙasa ta samu bayan mulkin kai, 3 ga Agusta, ranar ƴancin 1960, ta faɗo tsakiyar damina, shi ya sa ta fi dacewa da dashen itace da aka haɗa ta da shi tun 1975. Ranar 18 ga Disamba kuwa, ranar da aka kafa Jamhuriya a 1958, ta yi sa'ar faɗowa daidai inda jama'a suke, ga hatsi ga sanyi ga hutun ƴan lakwal yana ƙaratowa. Ita ce ranar gwamnati da ba a sha wahalar tara mata mutane ba. A 2006 aka fara zagayawa da bikinta jiha jiha, aka soma da Damagaram, Maraɗi kuma ta karɓi nata a 2015 da sunan Maraɗi Kwalliya.

Daga dandalin ƙauye zuwa Takobi

Babu wasan da ya kai kokowa daraja a wannan wata. Asalinta mai sauƙi ne. Samarin ƙauye su aika goro ga na maƙwabta, a sa rana, a share fili mai yashi, makaɗa su zo da ganguna. Ƙanana su fara, manya su biyo baya, kowa da layunsa da gurunsa, kowa da kirarin da yake yi wa kansa kafin ya shiga. Ɗan kokowar da ya isa yakan ɗauki makaɗinsa da yaransa ya bi ƙauyuka, ya kwana nan ya kwana can, har sai ya gamu da wanda ya kai shi ƙasa ko kuwa ya rasa mai tarar sa. Ladan bai wuce goro da ƴan kuɗi ba, da ɗankwalin da wata budurwa za ta jefo cikin fili. Amma sunan da zai samu ya ishe shi neman aure a kowane gida, kuma garin da ɗansa ya yi kaye shekara guda yake yi yana gori.

A 1975, zamanin Seyni Kountché, gwamnati ta ɗauki wannan wasa ta mayar da shi gasar ƙasa. A Tawa aka yi ta farko, kuma ɗan jihar Maraɗi ne ya ci, wato Yakuba Kantu, wanda filin kokowa na Maraɗi ke ɗauke da sunansa. Daga nan kowace jiha ta riƙa tace ƴan wasanta tun daga ƙauye zuwa gunduma, ta fitar da goma da za su tsaya mata. Muryar Sahel ta kai gasar kowace bukka. Waɗanda suka rayu a shekarun nan suna tuna yadda ake zagaye akwatin rediyo guda a gindin bedi, an sa sabon batir, mai sharhi yana ihu, Sagalo yana zuga, mutane na tashi tsaye kamar a gabansu ake yi. Samariya, wadda mulkin sojan ya farfaɗo da ita, ta yi wa wasan kwaikwayo da raye-rayen gargajiya irin wannan hidima, har aka fara bikin matasa na ƙasa a Damagaram a 1976.

An sami riba, an kuma yi hasara. Kokowa ta sami doka da alƙali da agogo, ta sami takobi da doki da miliyoyi, ta zama abin da ke haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare a kan benci ɗaya. Amma dandalin ƙauye ya rage armashi, domin ɗan kokowar da ya san yana da gasar jiha a gaba ba ya yarda ya karya hannu saboda goro.

Idan Salla ta shigo cikin sanyi

Lissafin wata yana gaban na rana da kwana goma sha ɗaya kowace shekara, saboda haka Salla na zagaya damina da rani, ba ta komowa wuri guda sai bayan kimanin shekara 33. Idan ta faɗo cikin watan shagali, sai a sami shekarun da ba a mantawa da su. Haka aka yi da Babbar Salla a Disambar 1974 da 1975 da 1976. Haka aka yi da Ƙaramar Salla a Disambar 2000 da 2001 da 2002, sa'an nan Babbar Salla ta sake komowa a ƙarshen 2006 da 2007 da 2008. A 2006 har sau biyu aka yi layya, ɗaya a Janairu ɗaya a ƙarshen Disamba.

Wanda ya ga Salla cikin Agusta ya san bambancin. Can rago ya yi tsada, hatsi ya ƙare, ana saukowa daga idi wasu gona suke wucewa. Nan kuwa dabba ta ƙoshi da harawa, tela ya yi wata guda ba ya barci, doki ya huta. Sarki ya hau, dogarai a gaba da jajayen riguna, algaita da kakaki na tashi, masu gari sun zo da mahayansu, a yi jahi a ƙofar fada ƙura ta haɗu da hazo. Da rana a feɗe raguna, a tsire su a jikin itace a kewaye babbar wuta, su yini suna gasuwa, ba a rabo sai washegari, kamar yadda al'adar Nijar take. Yara su bi gida gida suna barka da Salla, da dare kuma su tsaya jikin garwashin da ya rage suna jin ɗumi. A irin waɗannan shekaru iyaye kan haɗa aure da Salla, ɗinki ɗaya ya yi aiki biyu.

Shekarun da ganga ta yi shiru

Tarihin wannan wata ba ya cika sai an ambaci shekarun da bai zo ba. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda Hausawa suka sa wa suna Kakalaba, ta watsa ƙauyuka. Farin 1973 ya kashe dabbobi ya koro makiyaya kudu. Na 1984 ya haɗu da rufe iyakar Najeriya a Afrilun wannan shekara, shi ya sa mutane suka laƙaba masa sunan El Buhari, domin hanyar da aka saba bi a nemo abinci ita ma ta toshe. A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fara ta sauka a wasu wurare, a 2005 kuma jihar Maraɗi ta cika da cibiyoyin jinyar yara masu tamowa, farashin tiyar hatsi ya kai inda talaka bai taɓa gani ba. A Disambar shekarar ne Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci, har da kokowa a ciki, alhali gidaje da yawa a nan suna biyan bashin hatsin da suka ci da damina, wani buhu biyu a kan ɗaya.

A irin waɗannan shekaru ba a yin shela cewa an soke biki. Sai dai a ji an ɗaga auren wance zuwa baɗi, a ga an ɗaura na wane da sadaki kawai ba kiɗa, a ga makaɗi ya rataye gangarsa ya bi ayarin masu neman aiki. Kuma a nan ne littafin biki ke nuna amfaninsa, domin matar da ta yi shekara goma tana kai gudummawa tana da ƙofofin da za ta ƙwanƙwasa.

Akwai kuma abin da ke rage watan ko da shekara ta yi kyau, shi ne cin rani. Tafiya neman kuɗi bayan girbi tsohuwar al'ada ce, Kano da Katsina ba baƙin wuri ba ne ga ɗan Tasawa. Amma da gonaki suka ƙanƙance, ƴaƴa suka yi yawa, abin da gandu ke bayarwa ya daina kai wa wata bakwai, sai tafiyar ta zama tilas kuma ta matso da wuri. Legas, Agadas, Arlit, Libiya, Aljeriya, daga 2014 kuma wuraren haƙar zinariya na Jado. Akwai ƙauyukan da ke Gulbin Kaba da in ka shiga a tsakiyar Disamba, mata da tsofaffi da yara za ka tarar suna saƙar kaba. An ɗaura aure da yawa ango yana Sabha, waliyyinsa ya karɓa masa, shi kuma ya ji guɗar ta wayar salula.

Malamai ma sun sa baki. Tun daga shekarun 1980 wa'azi ya yi ƙarfi a kan almubazzaranci da cuɗanyar maza da mata a wurin kiɗa, wasu gidaje suka maye gurbin kalangu da walima. Bori ya koma bayan gida, gaɗar ƴan mata a dandali ta ja baya. Da finafinan Kano suka shigo a shekarun 1990, mai janareta da akwatin bidiyo ya kwashe yaran da a da ke zama gaban kaka suna jin tatsuniya, daga baya shi ma waya ta kwashe masa su. Masu kukan an bar al'ada suna da gaskiyarsu, masu cewa an rage ɓarna su ma suna da tasu. Sai dai duk wanda ya taɓa aurar da ɗiya a shekarun nan zai shaida cewa kiɗa ne ya ragu, kashe kuɗi bai ragu ba.

Wani abu guda da ya ƙi tsufa shi ne wasan taubasai da na ƙabilu, wanda hukumar UNESCO ta sa cikin gadon al'adun duniya da sunan Nijar a 2014. A gidan biki ne yake samun fili. Ɗan mace ya tare ƙofa ya ce amarya ba ta fita sai an biya shi, Bafillace ya ce da Babarbare bawansa, Bagobiri ya ga Bazabarmen ma'aikaci da aka turo aiki ya ƙwace masa hula, a yi dariya, a ba da dala biyar a wuce. Rigimar gado da ta shekara tana cin dangi, sau da yawa a bakin tukunyar biki wani taubashi ke kashe ta da wasa.

Har yanzu, idan damina ta yi kyau, tashar motar Tasawa kan cika a makon ƙarshe na Disamba. Ƴan lakwal da ɗalibai sun sauko daga Maraɗi da Damagaram da Yamai, ma'aikata sun zo da iyalansu ganin tsofaffi, amalanke na jiran masu wucewa ƙauye, an ɗaure katifar amarya da kabad a bisan mota mai zuwa Mayahi. Kafin Janairu ya raba, motocin nan za su juya cike da samari masu jakar leda a hannu, tsofaffi kuma su fara duban rumbun gandu suna ƙirga watannin da suka rage kafin watan bakwai.